Filin Makanikinmu: Shin Sabon Batir Yana Buƙatar a Yi Masa Rajista a Mota?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan batu ɗaya suke, wato abin da ya kamata a yi bayan an cire tsohon batir an ɗaura sabo a motocin zamani, musamman na Turai da Amurka waɗanda ke shigo mana ta Kwatano da Legas. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da BMW 3 Series ƙirar 2008, 'yar Beljiyam ce na saya. Batirinta ya mutu a watan jiya, na sayi sabo aka ɗaura, kuma tana tashi lafiya lau. Sai mai wayarin da ya yi aikin ya ce da saura, wai dole a jona kwamfuta a yi wa batirin rajista, kuma kuɗin wannan daban ne. Wani abokina da ya daɗe yana tuƙi ya ce dabarar cin kuɗi ce kawai, domin tun da yake bai taɓa jin an yi wa batir rajista ba. Maganar wa zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai wayarinka za ka ɗauka, ko da yake abokinka ma ba ƙarya ya yi maka ba, abin da ya sani ya faɗa. Duk wanda ya yi zamaninsa da Peugeot 504 ko 406 ko tsohuwar Corolla yana da hujjar yin mamaki, domin a waɗannan motoci altaneta ba ta san komai game da batirin da take yi wa caji ba. Akwai ɗan abin da ke daidaita wutar da take fitarwa, yana riƙe ta a wajen bolt 14 matuƙar inji yana aiki, ko batirin sabo ne ko ya kusa mutuwa, ko a sanyin hunturu ko a zafin bazara. A irin wannan mota da zarar an ɗaure kawunan batir aiki ya ƙare.

Motarka ba haka aka ƙera ta ba. Idan ka buɗe but, ka ɗaga murfin da ke gefen dama inda batirin yake, ka dubi kan nagetif, wato mai alamar ragi, za ka ga wani ɗan ƙaramin abu manne da shi wanda siririyar waya ke fita daga jikinsa. Wannan sensa ce, kamfanin BMW yana kiranta IBS, kuma ana samunta a yawancin 5 Series da aka fara fitarwa a 2003 da 3 Series irin taka da aka fara fitarwa a 2005. Abu uku take aunawa ba dare ba rana, har lokacin da mota take kulle a gida: yawan wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, ƙarfin wutar a bolt, da kuma zafin batirin. Tana aika waɗannan bayanai ga ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ita kuma ƙwaƙwalwar ta lissafa yadda batirin ya cika da yadda ya tsufa, sannan ta umarci altaneta da ta ƙara caji ko ta rage. Masu ƙera motoci sun kawo wannan tsari ne saboda dalilai biyu: rage shan mai, tun da altaneta nauyi ce a kan inji, da kuma tabbatar da cewa kayan lantarkin da suka yi yawa a mota ba su shanye batir har ta kasa tashi da safe ba.

Inda rajista ta shigo shi ne a wajen tsufan batir. Batirin dalma da asid yana raguwa kullum, domin a hankali wani gishiri da ake kira salfet yana daskarewa a jikin farantan da ke cikinsa, sai wutar da yake iya riƙewa ta ragu, karɓar caji kuma ta yi masa wuya. Ƙwaƙwalwar mota tana bin wannan raguwa tana rubutawa, tana kuma sauya yadda take bi da batirin gwargwadon halin da ta ga ya shiga. To, ran da aka cire tsohon aka sa sabo, babu abin da ke shaida mata cewa an yi canji. A wurinta batirin nan mai shekara biyar ne har yanzu yake ciki. Misalinta kamar ma'aikacin jinya ne da ya tarar da sabon majinyaci a kan gado, amma katin da ke rataye a jikin gadon na wanda aka sallama jiya ne, ya ci gaba da ba da magani bisa abin da katin ya ce.

Abin da ke biyo baya ba ya fitowa rana ɗaya, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa suke raina maganar. Mota za ta tashi yau, ta tashi gobe. Amma cajin da ake ba sabon batirin ba nasa ba ne, lissafin da ake yi na cikarsa kuma ba daidai yake ba, saboda haka za ka iya ganin gargaɗin batir a dasbod babu gaira babu dalili, ko ka ga motar ta rage ƙarfin fankar esi ko ta kashe wasu kayan lantarki da kanta a ƙoƙarinta na ceton batirin da take zaton ya galabaita. Babbar asarar kuwa ita ce batirin ya mutu kafin lokacinsa, kuma a ƙasarmu wannan ya fi sauri. Ƙa'idar da masu harkar batir suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan digiri 25 yana iya rage rayuwar batirin dalma da rabi. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san batir yana shan wahala ko da cajinsa daidai ne, balle a ce ba daidai ba.

Aikin kansa ba shi da yawa. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD, nan ake jona sikana, a buɗe makulli ba tare da an tayar da inji ba, a zaɓi wurin rajistar sabon batir. Na'urar ISTA ta kamfanin BMW tana yi, manyan sikanonin Launch da Autel da ake gani a garejojinmu suna yi, har wasu manhajojin waya irin su Carly da BimmerLink suna yi idan akwai ɗan abin jonawa. A BMW, idan aka yi rajista, motar tana goge tarihin caji da na zafin tsohon batir, ta rubuta kilomitar da aka yi canjin, ta kuma ɗauka cewa sabon batirin yana cike kashi 80 cikin 100, daga nan ta fara sabon lissafi. Wannan adadi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yana nufin bai kamata a yi rajistar batirin da ya daɗe a shago ya zube ba. A auna shi tukuna: batirin da ya cika yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8 idan ya huta, kuma idan ya gaza 12.4 a fara yi masa caji a waje kafin a ɗaura.

Shawarata ita ce ka koma a yi, ko da wata guda ya wuce, domin jinkiri bai hana amfaninta ba. Sai dai ka tsaya a wurin ka ga allon sikanar da idonka ya nuna an kammala, saboda goge alamun matsala daga ƙwaƙwalwa aiki ne daban, kuma akwai masu yin wannan su ce sun yi rajista. Aikin 'yan mintoci ne, bai kamata kuɗinsa ya kusanci kuɗin batir ba.

TAMBAYA: Salam. Motata Audi A4 ce ƙirar 2012. Batirin da ta zo da shi an rubuta AGM a jikinsa, amma mai batir ya ce irinsa tsada ne da shi kuma ba kasafai ake samu ba, ya ba ni na ruwa wanda lambarsa ta ɗan gaza ta tsohon, ya ce batir duk batir ne. Idan aka yi masa rajista, shi ke nan ya zauna? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Hajiya, batir ba duk batir ba ne, kuma a nan abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne shaida wa mota cewa an sa sabo, wanda ya wadatar idan sabon daidai yake da tsohon a iri da girma. Na biyu shi ne canza bayanin batirin da ke rubuce a ƙwaƙwalwa, wanda ya zama dole idan iri ko girma ya canza. Girman shi ne lambar da ake bin ta da haruffan Ah a jikin batir, kamar 70Ah ko 80Ah ko 95Ah, kuma da ita motar take lissafin abin da ya rage. Idan tana zaton 80 ne alhali 70 ne a ciki, duk lissafinta ya karkace tun daga tushe, ko an yi rajista sau goma.

Iri kuwa uku ne a kasuwa. Akwai na ruwa da kowa ya sani, wanda asid ke kwance a cikinsa. Akwai EFB, wanda shi ma na ruwa ne amma an ƙarfafa farantansa domin ya jure yawan tayar da inji. Sannan akwai AGM, wanda aka tsotse asid ɗinsa a cikin shimfiɗar zaren gilashi tsakanin farantai aka rufe shi ruf, ba a ƙara masa ruwa. AGM yana karɓar caji da sauri, yana jure zubewa da cika sau da yawa fiye da na ruwa, kuma shi ya sa ake sa shi a motocin da ke kashe inji da kansu idan an tsaya a danja su sake tashi idan an saki birki. Amma ba ya son cajin da ya wuce kima, domin ruwan da ya ƙone daga cikinsa ba shi da hanyar dawowa. Kowane iri da yadda ake yi masa caji, saboda haka motar da aka gaya wa AGM ne a ciki alhali na ruwa ne, ko akasin haka, za ta cutar da batirin.

Ƙa'idar da masu ƙera batir suka amince da ita mai sauƙi ce: ana iya hawa sama, ba a sauka ƙasa. Motar da ta zo da EFB tana iya karɓar AGM idan an canza bayanin, amma wadda ta zo da AGM a mayar mata da AGM. Idan motarki tana da tsarin kashe inji a tsaye, na ruwan da aka ba ki ba zai daɗe ba, kuma arahar da aka yi miki za ki biya ta a batir na biyu. Idan ba ta da shi kuma babu yadda za ki yi, to aƙalla kada girman ya gaza na asali, kuma a rubuta wa motar gaskiyar abin da aka sa mata.

A motocin Audi da Volkswagen hanyar ta ɗan bambanta da ta BMW. Batirinsu na asali yana zuwa da wata takarda manne a jikinsa mai ɗauke da abin da ake kira lambar BEM, wadda ta ƙunshi lambar kaya mai harafi 11, da alamar kamfanin da ya ƙera batirin mai harafi 3, da lambar batirin kansa mai harafi 10. Waɗannan ake shigarwa da na'ura irin su VCDS ko OBDeleven. Yawancin baturan da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da wannan takarda, sai masu aikin su shigar da girma da iri na gaskiya, su canza ko da lamba ɗaya a cikin goman nan na ƙarshe, domin canjin lambar ne ke sa motar ta gane sabo ne.

Abu biyu zan ƙara miki. Batirin A4 irin taki a but yake, saboda haka ki tabbata an mayar da ɗan siririn tiyon da ke fitar da iskar batir waje, domin iskar da batir ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta, kuma sau da yawa ana barin tiyon yana lilo. Sannan rubutun AGM a jikin leda ba shi ne shaida ba. AGM na gaske mai 70Ah yana kai kusan kilo 20, kuma idan aka girgiza shi ba a jin motsin ruwa.

TAMBAYA: Ni Toyota Corolla nake ja ƙirar 2010, ina haya tsakanin Maraɗi da Katsina. Ni ma sai na yi wannan rajista? Daga wani direba a Maraɗi.

AMSA: A'a, Malam direba, taka ba ta buƙata, haka ma yawancin Camry da Accord da Civic na waɗannan shekaru. Abin da za ka iya gani bayan canjin batir shi ne agogo ya koma baya, rediyo ya manta tashoshi, ko silo, wato juyin inji lokacin da mota take tsaye, ya ɗan yi rawa na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwar inji ta sake daidaita shi. Wasu motocin Japan suna da sensa a kan batir amma suna koyon sabon da kansu, don haka ganin sensa dalili ne na a duba littafin motar ko a jona sikana, ba hukunci ba ne. Waɗanda aka fi sani da buƙatar rajista su ne BMW da Mini, Audi da Volkswagen, Volvo, Land Rover da Jaguar, da Ford na shekarun baya-bayan nan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan koyo ne a garejin wayarin. An kawo mana Ford Edge bayan an canza mata batir, muka sa mita muka ga wani lokaci tana ba da bolt 12 da ɗoriya, wani lokaci ta haura 14. Maigidana ya ce altaneta ce ta lalace, aka canza, ba ta daina ba. Daga baya ya zare wayar sensar da ke kan batir, sai cajin ya tsaya wuri ɗaya, ya ce an gama. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Daga wani matashi a Abuja.

AMSA: Samari, zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kuma mai yiwuwa altanetar da aka cire lafiyarta ƙalau. A motar da ƙwaƙwalwa ke sarrafa caji, hawa da saukar nan shi ne aikin. Idan batir ya cika, ko direba ya taka totur yana neman ƙarfi, sai a sassauta wa altaneta domin inji ya huta, mita ta nuna 12 da ɗoriya ko 13. Idan ya ɗaga ƙafa mota tana gangarawa, sai a matsa mata ta yi caji da ƙarfi, har ta kusanci 15. Hanyar gwaji ita ce ku kunna manyan fitilu da fankar esi zuwa ƙarshe ku ga ko cajin zai tashi ya riƙe nauyin, sannan ku duba a sikana abin da ƙwaƙwalwa ta nema ku gwada shi da abin da altaneta ta bayar. Idan sun yi daidai, ba ta da laifi.

Zare wayar sensa kuwa rufe ido ne, ba gyara ba. Yawancin motoci idan suka rasa sensar sai su koma caji tsayayye na ko-ta-kwana, su rubuta matsala a ƙwaƙwalwa, su daina kare batir daga zubewa. A mayar da wayar, a yi abin da Ford ke kira sake saita BMS, wato tsarin da ke lura da batir, da sikana ko da manhajar FORScan. Littafin motocin Ford da dama yana cewa bayan canjin batir a bar motar a kulle, ba a taɓa ta ba, na awa 8 domin ta gane yadda batirin ya cika, amma wannan cikar kawai yake koya mata, ba ya goge shekarun tsohon batir daga lissafinta.

Tun da kana koyo, ka kiyaye wata tsohuwar al'ada da har yanzu ake yi a garejoji, ta cire kan batir inji yana aiki wai don a ga ko altaneta tana caji. Batir ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, kuma idan aka cire shi wutar tana iya haurawa ta ƙona ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya ninka na altaneta. Yadda za ka gaya wa maigidanka wannan ba tare da ka ɓata masa rai ba, wannan kuma sai ka yi dabara.

TAMBAYA: Na sa sabon batir a BMW X5, an yi rajista a gabana, amma idan ta kwana biyu ba a tayar ba sai ta ƙi tashi. Rajistar ce ba ta kama ba? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Alhaji, rajista ba ta toshe yoyo. Abin da ka bayyana ya fi kama da wani abu da ke shan wuta bayan an kulle mota, kuma mai yiwuwa shi ne ya kashe tsohon batirin tun farko. Motar irin taka tana ɗaukar mintoci da dama bayan an kulle ta kafin kayan lantarkinta su yi barci, kuma idan sun yi, abin da take ja bai kamata ya wuce kusan miliamfiya 50 ba. A sa mita a auna bayan ta yi barci, idan ya wuce haka a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har a gano layin da ke sha.

A fara da abubuwan da ba kamfani ne ya sa ba: tiraka (na'urar bin sawun mota), amfilifaya, allon rediyon da aka canza, da kyamara. Bayan shan wutar da suke yi, masu ɗaura su sukan ɗaure wayarsu kai tsaye a kan sandar nagetif ta batir, a bayan sensa, ta yadda duk wutar da suka ja ba ta bi ta cikinta ba, sai motar ta riƙa lissafin batir a cike alhali yana zubewa. Wurin ɗaure irin wannan waya shi ne ƙarfen jikin mota. Haka nan idan za ka sa caja, ko za a jona maka da batirin wata mota, a yi amfani da wuraren jonawa da aka tanada a ƙarƙashin bonet, ba kan batirin kansa ba, domin sensar ta ga wutar da ta shiga. Idan kuma zirga-zirgarka gajera ce a cikin gari, esi da fitilu a kunne, altaneta ba ta samun lokacin mayar da abin da tayar da inji ya ci, don haka ka riƙa sa wa batirin cajar da ta dace da irinsa ya kwana a kai sau ɗaya a wata.